Sarauniyar da Ta Raba wa Bayi Sunanta

Ke Mikka, wa ya aike ki? Yarinya ko kaɗin ulu ba ta iya ba, zarenta duk ƙulli, amma bakinta ya iya tambaya. An ce ki kai madara kabarin kan tudu, ki zuba ki dawo, aikinki ke nan. Wa ya ce ki tsaya kina neman dalilin da ya sa babu yarinya ko ɗaya a tsibirin nan mai sunan matar da ke kwance a ciki? Ni da na haifi ubanki ban yi wa kakata wannan tambayar ba sai da na yaye ɗa. To, tunda kin tono sai ki zauna ki ji, kuma kada hannunki ya bar mazarin nan. Ke ma Nikaso, sauke ƙafarki daga kan murhu, ba sa'anki ba ne.

Anaksidora 'yar sarki ce daga babban yanki, aka kawo ta nan Meranta aka aura wa Sarki Kaliteles. Danginta suna cewa kakansu na fari ɗan ubangijin teku ne. Duk gidan sarauta haka suke faɗa, ban taɓa jin wanda ya ce kakansa makiyayin awaki ba ne. Kyakkyawa ce, wannan babu musu, kuma hannunta ya iya saƙa. Ciwonta ɗaya ne: tana so a kira sunanta. Kun dai sani macen kirki ba a ambaton sunanta a waje. 'Yar wane ce, matar wane ce, uwar wane ce. Sunan mace ba ya ƙetare ƙofar gida sai ranar da aka fitar da gawarta, ko kuwa in ta zama ta kowa da kowa. Duk mata sun san haka sun zauna lafiya. Ita kuwa abin yana sukar ta kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Wata rana wani falke mutumin Sidon ya shigo tsakar gidan sarki da jan yadi. Sarauniya ta fito a lulluɓe, surukarta, tsohuwar uwar sarki, tana gefenta. Falke yana shimfiɗa kaya yana zuba fadanci. Ya ce ai sunan Sarki Kaliteles har Masar an san shi, domin yana jikin kowace randar man zaitun da ta bar tsibirin nan.

Sarauniya ta ce, "Nawa fa?"

Falke ya russuna. "Ranki ya daɗe, naki ko a bakin ruwan nan ban ji mai faɗar sa ba. Ai darajarki ke nan."

Yabo ya yi mata, ita kuwa mari ta ji. Bayan ya fita ta ce da surukarta, "Randa ma tana da sunan da ya ƙetare teku. Ni da jinin ubangijin teku a jikina, randa ta fi ni."

Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, suna man zaitun ne. A rufe yake daɗewa. Kika bar bakinsa a buɗe, ƙuda ne zai fara zuwa."

"To Iya, ke naki da kika rufe, wa ya san shi? Ko ɗanki sai ya yi tunani kafin ya tuna."

Ta nemi mijinta ya sa sunanta a jikin randuna. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce matarsa ba karuwar bakin ruwa ba ce. Ba ta sake yi masa maganar ba. Sai ta duba abin da ke hannunta. Randuna na sarki ne, amma bayi mata nata ne. Kun ga yadda ake yi in an kawo sabuwar baiwa: a zaunar da ita gaban murhu, uwargida ta watsa mata busasshen ɓaure da zabibi a ka, ta raɗa mata sabon suna. Daga nan ta shiga inuwar allahiyar murhu, ta zama ta gida. Sunan baiwa kuma ba a jin kunyarsa. A rijiya a kira shi, a kasuwa a kira shi, kowane ɗan dako ya ƙwala shi son ransa.

A lokacin sarauniya ta haifi ɗanta Dorimakos, ta ce ba za ta shayar ba, kada ƙirjinta ya zube. Aka sayo wata 'yar Tarakiya mai jan gashi, wadda aka kamo tun tana ƙarama har harshenmu ya zauna a bakinta. Jaririnta ya mutu a jirgi, nono yana jiƙa mata riga. Aka zaunar da ita gaban murhu, sarauniya ta watsa mata ɓaure.

"Daga yau sunanki Anaksidora."

Matan gida suka kalli juna. Baiwar ta ɗaga kai ta ce, "Uwargijiya, sunana Mukaza. Uwata ce ta sa mini, shi kaɗai ya rage mini nata."

Sarauniya ta sa aka kawo bulala. Ba a taɓa ƙirjin ba, saboda abincin ɗan sarki ne, amma bayan ya sha. Kullum da safe sai a tambaye ta sunanta. In ta ce Mukaza, a dake ta. Ta yi taurin kai har zaitun ya nuna aka tsinke. Wata safiya aka tambaye ta, ta kalli ƙasa ta ce, "Anaksidora."

Daga ita sai duk wadda aka kawo. 'Yar Lidiya, 'yar Libiya, baƙa da fara, duk suna ɗaya. Sarauniya ta koya musu saƙa da niƙa da duka, in jiragen fatake sun zo ta sayar, ta sayi sababbi. Wadda aka watsa wa ɓaure a gaban murhu ba a fitar da ita haka kawai kamar akuya. Surukar ta faɗa har bakinta ya gaji, ta mutu tana faɗa. Sarki kuwa ya ga ana samun riba, ya kawar da kai.

In fatake suka dawo, sarauniya takan sa a kira su tsakar gida, a cika musu ƙoƙo da ruwan inabi.

"Kai mutumin Sidon, yaya kuke faɗar sa a garinku?"

"Nakisdar, ranki ya daɗe. Harshenmu ba ya ɗaukar tsawonsa."

"Kai fa Bamasare?"

"Anakatari."

Mutanen Libiya suka ce Kasdura, na Lidiya suka ce Naksida. Sai ta sa su maimaita, tana lumshe ido a bayan lulluɓi kamar kyanwa a rana. Ba ta taɓa tambayar su da wace irin murya ake kiran sunan a can ba.

Ta farkon nan kaɗai ba ta sayar ba, saboda yaron. A jikinta ya yi rarrafe, a jikinta ya yi haƙori. Ita ke yi masa sumbar tukunya, irin wadda nake yi muku kuna ƙanana: a kama kunnuwan yaro biyu kamar za a sauke tukunya daga wuta, a sumbace shi a goshi. In ta yi masa sai ta ce, "Tukunyar wa ce wannan, babu komai a ciki sai kuka?" shi kuma ya ƙyalƙyale. Yaro yana jin kowa yana kiran mai goyonsa Anaksidora. Waccan mai ƙamshin da ke wucewa jefi-jefi kuwa, uwargijiya yake ji ana ce mata.

Ranar wani biki matan manyan gari suka cika gidan. Sarauniya ta ce a kawo ɗanta su gani. Aka kawo shi, lokacin ya fara magana sosai. Ta miƙa masa hannu. Yaro ya kalli zinariyar wuyanta, ya kalli fuskar da bai saba da ita ba, ya ruga ya cusa kai cikin zanen baiwa yana ihu, "Inna! Inna, ɗauke ni!"

Wata a cikin matan ta yi dariya ta toshe baki. Dariyar nan ce ta sayar da Mukaza. Washegari akwai jirgin Sidon a bakin ruwa. Ta faɗi ta rungume dutsen murhu tana cewa, "Uwargijiya, a nan kika karɓe ni. Ki dake ni, ki sa ni niƙa, kada ki raba ni da shi." Sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Suna fita da ita wutar murhun gidan sarki ta mutu, wutar da tun kakanni ba ta taɓa mutuwa ba. Sarauniya ta ce itacen ne ɗanye, ta aika maƙwabta a ɗebo garwashi.

Yaro ya ƙi ci, ya ƙi barci, yana bin ɗakuna yana kiran Inna. Sarauniya ta ce kukan yana sa mata ciwon kai. Ta sa shi a jirgi zuwa babban yanki wurin yayanta, ta ce a riƙe shi har ya yi hankali.

To, tsohuwa ta ce ƙuda ne zai fara zuwa. 'Yan fashin teku sun ji sunan nan a kasuwar Sidon, sun ji a ta Masar, sun ji a Libiya. Suka fara tambaya, wai ina ne ake fitar da matan nan duk shekara ba sa ƙarewa? Gidan da ke zubar da bayi haka, me ke cikin rumbunsa? Aka nuna musu hanya. Suka zo da asuba lokacin girbin sha'ir, maza suna gona. Sarki Kaliteles ya mutu a kan yashi, ko sulkensa bai gama ɗaurawa ba. Suka ƙone gidan, suka kashe tsofaffi, suka kora matan cikin jirgi. Aka tuɓe wa sarauniya zinariya, aka aske mata kai ƙwal kamar kowace baiwa.

Ta tsaya gaban shugabansu ta ce, "Ka san wadda ka taɓa? Ni ce Anaksidora."

Ya tafa hannu. "Madalla, kin rage mini aikin talla. Masu sunan nan ba sa kwana a kasuwa. An ce suna jure duka."

A Sidon wani mai gidan niƙa, Yaton, ya saye ta. Shi irin su yake nema, don ya ce an riga an karya su tun daga gida. Aka tura ta wani dogon ɗaki marar taga, mata a durƙushe jere, kowace da dutsenta. Mai tsaron ƙofa ya ƙwala, "Nakisdar!" sai kawuna da yawa suka ɗago. A nan ta fara jin muryar da ake kiran sunanta da ita. Irin muryar da ake korar kare ce.

A ƙarshen layi wata ta tsayar da niƙa tana kallon ta. Jan gashin ya fara fari, amma sarauniya ta gane ta.

"Ke! Alloli sun taimake ni. Tashi ki gaya musu ko ni wace ce."

Matar ta share gari daga hannunta a hankali. Ta ce, "Sannu da zuwa, takwara. Yaya hanya?"

"Ni kike ce wa takwara? Na ce ki gaya musu!"

"In ce musu me? In ce sunanki Anaksidora? Sun sani. Waccan ma shi ne sunanta, da waccan mai tari. Ina yaron?"

"Yana wurin yayana."

"Yana ci?"

Wannan kam sarauniya ba ta sani ba. Matar ta daɗe tana kallon ta, sannan ta tura mata dutse da ƙafa. "Durƙusa. Ki sa nauyin a kafaɗa, kada ki sa a wuyan hannu, in ba haka ba kafin sabon wata ba za ki iya riƙe ƙoƙo ba. Ke kika koya mini."

Shekaru suka wuce a ɗakin nan. Dutse ya cinye mata farce, tsakuwar gari ta cinye haƙora, baya ya lanƙwashe. Duk baƙon da ya leƙo sai ta ce masa ita sarauniya ce, jikar ubangijin teku. Matan suka mai da ita abin wasa. In an kawo ruwan sha sai su ce, "A fara ba ranki ya daɗe, kada teku ya yi fushi." Abu ɗaya ya riƙe ta da rai: tana da ɗa, ɗan zai girma, zai zo. Zai kai ta gida, ta mutu a Meranta, a sa dutse a kanta.

Kuma ya zo. Dorimakos ya girma a gidan kawunsa, ya dawo da mayaƙa ya sake gina gidan ubansa. Kawun ya riga ya mutu, amma kafin nan ya gaya masa sunan uwarsa, ya ce an kai ta hayin teku. Babu wanda ya san fuskarta a cikin mutanensa. Mazan gari ba su taɓa ganin ta ba lulluɓi ba, matan gidan kuwa an watsa su duniya. Ya ɗauki suna kaɗai ya shiga jirgi. A Masar ya faɗe shi aka kawo masa mai wankin kaya. A Libiya aka nuna masa mai ɗiban ruwa, a Lidiya wata makauniya. Ko'ina sunan ya riga shi isa, ko'ina kuma a bakin rijiya ko bayan murhu yake samun sa. Daga ƙarshe aka ce ya gwada gidan Yaton.

Yaton ya ga saurayi da alkyabbar sarauta da tagulla cike da jirgi, ya fito da matan tsakar gida, suna ƙifta ido don hasken rana.

"Ga su nan, ranka ya daɗe, duk Nakisdar ne. Zaɓi uwar da ta yi maka, sauran ma in kana so sai mu daidaita."

Sarauniya ta ture na gabanta ta fito. Ta ga goshin Kaliteles a fuskar saurayin. "Dorimakos! Ɗana! Ni ce. Ni ce na haife ka."

Yaton ya ce, "Kada ka kula ta, haka take yi wa kowa. Bara ma wani mai sayar da gishiri ta ce wa ita jikar teku ce."

Amma saurayin ya matso. Ya gaji da yawo, yana so ya yarda. Ya ce, "Iya, in ke ce, gaya mini wani abu nawa. Ina ƙarami aka raba mu, abin da na riƙe kaɗan ne."

Ta buɗe baki. Ta lissafa masa kakanninta har zuwa ubangijin teku. Ta faɗi ginshiƙan gidan, da launin labulen ɗakinta, da zinariyar da ta sa ranar aurenta.

Ya ce, "Wannan duk baiwar gidan za ta sani. Ni nake tambaya. Me nake tsoro? Me kike ce mini in na yi kuka?"

Ta lalubi cikin kanta kamar mai laluben rumbun da ɓera ya gama da shi. Babu ko ƙwaya.

Mai jan gashin nan tana tsaye a baya, hawaye yana yanka garin da ke fuskarta. Saurayin ya lura da ita, ya je gabanta. Ya fi ta tsawo nesa, sai ya sunkuya don ya ga idonta. Hannuwanta suka tashi da kansu. Ta kama kunnuwansa biyu, ta jawo goshinsa ta sumbata, ta ce da wata 'yar murya, "Tukunyar wa ce wannan, babu komai a ciki sai kuka?"

Sarki guda ya zube a kan gwiwa cikin ƙurar gari. "Inna," ya ce. "Inna."

Da ya samu numfashi ya tambaye ta, don mutanensa su zama shaida, "Yaya sunanki?"

"Anaksidora."

"Ke kika shayar da ni?"

"Ni na shayar da kai."

Ku lura, ko kalma ɗaya ba ta yi ƙarya ba.

Sarauniya ta yi kururuwa, ta rarrafo ta kama ƙafarta. "Mukaza! Mukaza, don girman murhu, gaya masa gaskiya! Mukaza!"

Ranar ce ta fara faɗin sunan da bakinta. Matar ta dubo ta daga sama, ta juya ta dubi Yaton, ta ce, "Wa take kira? Akwai mai wannan suna a nan?"

Yaton ya ce babu.

"Ni ma ban san ta ba. Na ji an ce an taɓa yin wata, duka ya kashe ta." Ta zare ƙafarta. "Sai wata rana, takwara. Ki riƙa sa nauyin a kafaɗa."

Dorimakos yaro ne mai tausayi. Ya ga tsohuwa tana birgima tana kiran sa ɗanta, ya ce wayyo, bauta ta taɓa mata hankali. Ya sa hannu a jakar guzurinsa ya ɗebo busasshen ɓaure da zabibi, ya watsa mata don ta tsinta. Suka zubo mata a ka. Sauran matan suka yi wawa a kai, mai tsaron ƙofa ya ƙwala suna, aka kora su ciki.

Sarauniya ba ta kai wani girbin ba. Aka ja ta da ƙafa aka jefa a ramin bayan gari, babu wanka, babu mai kiran sunanta sau uku don kurwarta ta san hanyar gida. Da gari ya waye Yaton ya sayo wata yarinya ya durƙusar a kan dutsen, ya ce mata Nakisdar. Har yau in kin ji fataken Sidon a bakin ruwa suna faɗin kalmar, baiwar niƙa suke nufi. Masarawa kuma in za su zagi mace su ce mata Anakatari.

Mukaza kuwa ta zo nan ta zauna a ɗakin sarauniya, ta yi goyon jikoki. Ba ta bari an sake sayar da wadda aka karɓa a gaban murhu ba. Da ajalinta ya zo ta kori maza, ta gaya wa matan da za su wanke ta komai, ta roƙe su abu ɗaya: in an gama kiran wancan sunan a bakin kabari, su matso su kira nata a hankali. Kakar kakata tana cikinsu. An ce zanen da ke jikin dutsen Anaksidora yake cewa. Ni ban iya karatun dutse ba, ban kuma ga abin da ya rage ni da shi ba. Na dai san wa ke kwance a ƙarƙashi, na san wa nake aika wa madara.

To ga abin da za ku ɗauka. Suna ba ya yin nauyi don yawan bakin da ke faɗar sa, abin da kika yi wa masu faɗar ne nauyinsa. Wadda ta ƙwace na wani don nata ya yi yawo, zai yi yawon, amma ranar da take neman sa ya cece ta za ta tarar ya zama na kowa. Ɗa kuma ba ya sanin cikin da ya ɗauke shi, hannun da ya share masa majina ya sani. In kun yi gidanku, wadda kuka zaunar gaban murhu ku tambaye ta sunan da uwarta ta sa mata, ku kuma goyi 'ya'yanku da bayanku. Saura in ji wannan magana a bakin rijiya, sai na yanke muku harshe. Mikka, kawo zaren nan in gani. Tir, gobe za ki warware shi duka. Ku rufe wutar da toka, a hankali, kada ta mutu. Ku tashi ku ba ni wuri, kowa ta nemi shimfiɗarta.